Ido Ya Ƙoshi, Hannu na Jin Yunwa: Fashin Baƙi kan Wasan BioShock Infinite

A kusan rabin awar farko ta wasan bidiyo na BioShock Infinite ba za ka harba ko harsashi ɗaya ba. Cikin dare ana ruwan sama aka ɗauko ka a kwalekwale, aka sauke ka a gindin wata hasumiyar fitila a tekun jihar Maine ta Amurka. Ka hau har ƙololuwa, ka zauna kan wata kujera, ashe roka ce, ta cilla ka cikin gajimare. Gajimaren na yayewa sai ga gari guda sukutum yana shawagi a sararin sama: fararen gine-gine, tutoci, unguwannin da ke matsowa su haɗu sannan su rabu, yara suna wasa da ruwa a bakin titi, mawaƙa huɗu suna rera waƙa a kan wani ɗan jirgi. Shekarar 1912 ce a cikin labarin, sunan garin Columbia, kuma ana tsakiyar biki.

Kana cikin kallo sai ka tsinci kanka a wurin wata caca, aka miƙo maka ƙwallo mai lamba 77, lambarka ta fito. Aka yaye labule don ka ga abin da ka ci: Bature da baƙar mace ne a ɗaure saboda sun so juna, kai ne za ka fara jifansu, jama'ar gari na tafi. Duk kyan da ka sha kallo tun ɗazu sai ya zama kyan ɗan maciji. Kafin ka yi jifa, ko su ka nufa ko mai shelar cacar, 'yan sanda sun riƙe hannunka saboda wani tambari da suka gani a jikinsa, kai kuma ka cusa fuskar ɗayansu cikin wata ƙugiya mai juyawa da ɗan'uwansa ke riƙe da ita.

Daga nan har ƙarshe, sama da awa goma, babban aikinka harbi ne. Kuma a nan gardamar take, gardamar da aka fara tun ranar 26 ga Maris 2013 da wasan ya fito. Masu sharhi sun ba shi maki sama da 90 cikin 100, an sayar da fiye da kwafi miliyan 11, amma da ƙura ta lafa mutane da yawa suka dawo suna cewa abin da suke tunawa shi ne garin da yarinyar da ke cikinsa, faɗan kuwa ya bi iska. Ina cikin masu wannan ra'ayi, kuma ina ƙaunar wasan, shi ya sa abin ke damuna.

Abubuwa uku ake cakuɗawa idan ana wannan muhawara. Kyan gani kowa ya san shi: launi, haske, fasalin gini, tufafi, fuskokin mutane. Labari ma a fili yake. Na ukun ne ke da wuyar kamawa, wato zurfin wasa, don mutane kan ɗauka yawan bindigogi ko wahalar abokan gaba ake nufi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan dattawa suna dara a gindin bishiya ya san ba haka ba ne. Ramuka ne a ƙasa, da 'yan itatuwa da duwatsu, babu abin burge ido ko ɗaya. Amma kowane ɗa da ka ajiye ya buɗe wata hanya ya toshe wata, abokin karawarka yana karanta nufinka kana karanta nasa, kuma wanda ya shekara talatin yana yi zai cinye sabon shiga ko da sau ɗari suka zauna. Zurfi shi ne yawan shawarar da dole ka yanke, wadda in ka yanke daidai za ka gani, in ka yi kuskure ka ɗanɗana, kuma gobe ka dawo ka fi yau iyawa.

A wasan harbi wannan shawara cikin daƙiƙa ake yanke ta: wa zan fara kashewa, da wane makami, daga ina, sannan ina zan nufa. Doom na kamfanin id Software ya nuna haka tun Disamban 1993. Wani dodon ƙwallon wuta yake jefowa a hankali, kana iya gocewa. Wani sai ya zo jikinka yake cizo, don haka tazara ce maganinsa. Mai bindiga kuwa ba a goce masa, sai dai ka riga shi ko ka sami bango. In aka zuba su ukun a ɗaki ɗaya, ɗakin ya zama lissafi, har ma kana iya sa wani ya harbi wani bisa kuskure su kaure da faɗa a tsakaninsu kai kana gefe. Halo na kamfanin Bungie a 2001 ya zo da dokar da ta bazu ko'ina daga baya: bindiga biyu kawai za ka riƙe, garkuwarka kuma tana cika da kanta in ka ɓuya na ɗan lokaci. Dokar ta yi aiki a can saboda an gina komai a kanta. Makamin baƙin halittu ya fi saurin fasa garkuwa, harsashin mutane ya fi cin tsoka, ƙananan sojojin abokan gaba sukan watse a guje in ka kashe jagoransu. Duk bindigar da ka yar, ka yar da wata dabara ke nan, kuma ka san wace ce.

BioShock Infinite ya aro bindiga biyun da garkuwar, amma bai aro dalilinsu ba. Yawancin waɗanda kake faɗa da su mutane ne masu bindiga da ke harbi daga nesa, ko masu kulki da ke rugowa kanka kai tsaye. Da wuya wani cikinsu ya tilasta maka canza makami. Yayin da wasa ke nisa, abin da ke ƙaruwa shi ne yawan harsashin da jikinsu ke sha kafin su faɗi. Ga kuma wani tuntuɓe: kana kashe kuɗi wajen inganta bindigar da kake so, harsashinta ya ƙare a tsakiyar faɗa, dole ka yar da ita ka ɗauki wadda ba ka zuba wa ko sisi ba. A kashi na biyu na wasan ma sai 'yan tawaye suka zo da nasu samfurin bindigogin, masu kama da na farko amma ingantawarsu daban. Wanda ya yi tanadi da wanda bai yi ba sun kusa zama ɗaya.

Ba wai babu kayan aiki ba. Akwai wasu ruwan tsimi guda takwas da jarumin, Booker DeWitt, ke sha su ba shi ƙarfi na daban: wani ya sa ya jefa wuta, wani lantarki, wani ya aika garken hankaki su yi ta saran mutane, wani ya ɗaga su sama su yi ta lilo, wani ya juyar da hankalin abokin gaba ko na'urarsa ta koma yi maka yaƙi. Ana iya haɗa biyu, a cinna wa hankakin wuta misali, ana kuma iya ɗana su a ƙasa kamar tarko. Sannan ga layin dogo na sama da ke kewaye wasu unguwanni, ka maƙala ƙugiyarka ka yi ta shawagi, ka diro kan mutum daga sama. Wallahi a fagagen da aka shimfiɗa wannan layi da kyau, musamman in an saki ƙaton nan mai jikin ƙarfe da zuciyarsa ke cikin gilashi a ƙirji, wanda ke sakar wa layin lantarki in ka daɗe a kai, faɗan yana da daɗin gaske. A nan ne kake hango wasan da aka so a yi. Matsalar ita ce irin waɗannan fagage ba su da yawa, kuma a sauran wuraren wasan bai taɓa matsa maka ka koyi dabarun ba. Tsimi ɗaya da bindiga ɗaya da suka karɓe ka za su kai ka kusan ƙarshe. In ka mutu, 'yan kuɗi kaɗan za a cire a tashe ka nan kusa. Sai wanda ya zaɓi mataki mafi tsanani, wanda suka sa wa sunan shekarar 1999, shi ne zai ga ana neman wani abu daga ƙwaƙwalwarsa.

Abin ya fi fitowa fili in aka ajiye shi kusa da wansa, BioShock na 2007, wanda kamfani ɗaya, Irrational Games, da jagora ɗaya, Ken Levine, suka yi. A garin Rapture na ƙarƙashin teku duk makamanka suna tare da kai, yawancinsu da harsashi iri uku. Wani ƙato mai rigar nutso da ke gadin wasu ƙananan 'yan mata a garin ba ya taɓa ka sai ka taɓa shi, don haka kai ne mai zaɓen lokaci da wuri. Kana iya zagaya unguwar tukuna, ka juyar da bindigogin tsaro su zama naka, ka ja wayar lantarki a ƙofa, ka lura da inda ruwa ya kwanta ko mai ya zube, sannan ka tsokane shi. Harbin kansa a wancan wasan bai kai na Infinite santsi ba, amma garin wuri ne da kake amfani da shi. Columbia kuwa wuri ne da ake zagayawa da kai a nuna maka.

Sai Elizabeth, yarinyar da na ambata, wadda ita ce zuciyar labarin. An tsare ta a hasumiya tun tana jaririya, an turo Booker ya fito da ita don a yafe masa bashi. Aikin da aka yi a kanta abin yabo ne. Ka fito da ita bakin wani tekun da aka ƙirƙira a cikin garin, ta ji kiɗa ta shiga rawa cikin mutane, ta leƙa nan ta taɓa can, ta jingina da bango in ka tsaya, fuskarta ta canza in ta tsorata da kai. Amma ana fara harbi sai ta zama wata aba daban. Abokan gaba ba sa kula ta, alhali ita duk garin ke nema. Ba ta jin rauni. Aikinta ta wurgo maka harsashi ko magani in ka kusa ƙarewa, ta kuma yage labulen da ke tsakanin duniyoyi ta jawo maka maɓuya ko bindiga a wuraren da aka riga aka tsara. Na fahimci dalili: 'yan wasa sun tsani rakiyar wanda ke mutuwa kowane minti su koma baya saboda shi. Sai dai maganin da aka yi ya raba ta gida biyu. Akwai Elizabeth ta labari da ke kuka ranar da ta fara ganin ka kashe mutum har ta gudu daga wurinka, akwai kuma Elizabeth ta fagen fama da ke miƙo maka harsashin kashe na ɗari uku ba ko gezau.

Wannan ɓaraka tana da tarihi. A 2007 wani mai tsara wasanni, Clint Hocking, ya yi rubutu kan BioShock na farko inda ya raɗa wa matsalar suna, ma'anarsa saɓani tsakanin abin da labari ke faɗa da abin da dokokin wasa ke sa ka aikata. Infinite ya faɗa cikinta fiye da wansa. Labarinsa na wani mutum ne da zubar da jini ya hana shi barci: Booker yana cikin sojojin da suka yi kisan Wounded Knee a 1890, inda sojan Amurka suka hallaka ɗaruruwan 'yan ƙabilar Lakota, sannan ya yi wa kamfanin tsaro na Pinkerton aikin murƙushe ma'aikata masu yajin aiki. An zana garin ne bisa kwaikwayon baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, da irin alfaharin Amurka na wancan zamani, ga shugaba Comstock mai da'awar annabci, ga bautar da baƙaƙe da 'yan Ayalan a masana'antu. Manyan batutuwa ne, kuma kunne da ido suna karɓarsu da nauyinsu. Hannu kuwa ana ba shi lada ne kan fasa kai da ƙugiya, da lalube aljihun gawa, da cin abinci daga kwandon shara a tsakiyar titin masu kuɗi ba wanda ya ɗaga ido.

Masu kare wasan suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa tashin hankalin da gangan ne, Booker mutum ne da duk inda ya sa ƙafa jini ke biyo shi, kuma labarin kansa yana nuna cewa zaɓi ruɗi ne: ko tsuntsu ka zaɓar wa Elizabeth a matsayin abin wuya ko keji, ƙarshen ɗaya ne. Na yarda da rabin wannan. A zauren tunawa da jarumai, inda kake ratsa gumakan da aka yi don ƙawata kisan Wounded Knee da yaƙin 'yan tawayen Boxer na ƙasar Sin, tsohon abokin aikinka na soja yana turo maka yaransa don su mutu mutuwar soja a hannunka, harbin da labarin sun zama abu ɗaya, kuma wurin yana da ciwo. Amma hujjar ba ta rufe sauran ba. Labari na iya cewa ƙaddara ba ta sauyawa ba tare da an mayar da faɗan ya zama maimaici ba. Fatalwar matar Comstock da ake yaƙa har sau uku, tana ta tayar da matattu kana ta zuba musu harsashi, ba wani darasi kan ƙaddara take koyarwa ba, tsawon wasa kawai take ƙarawa.

Me ke jawo haka, ga mutanen da ba a shakkar basirarsu? Babban dalili kuɗi ne da yadda ake tallar wasa. Kyan gani yana sayar da kansa a bidiyon minti biyu. Zurfi sai ka yi awa biyar kana bugawa kafin ka san yana nan, ba ya shiga hoto. Sannan kowane lungu na gari irin Columbia watanni ne na aikin masu zane, don haka kamfani ba ya son ya gina unguwar da rabin 'yan wasa ba za su bi ta ciki ba, sai a miƙe hanya ɗaya kowa ya bi. In aka gwada wasan aka ga mutane na maƙalewa a wani faɗa ba su kai ga labari na gaba ba, faɗan ake sassautawa. Ga kuma kasuwa: wasan da ya ci kuɗi haka dole ya sayu ga masu neman harbi. Levine da kansa ya bayyana cewa hoton Booker riƙe da bindiga a kafaɗa da aka sa a fuskar kwalin, aka tura Elizabeth baya, an yi shi ne don jan hankalin masu saye da ba sa bin labaran wasanni. Aikin ya ɗauki kusan shekara biyar, an yi ta rushewa ana sakewa, an soke sashen karawa tsakanin 'yan wasa, a 2012 har sai da aka ɗauko Rod Fergusson daga kamfanin Epic don ya taimaka a kammala. Wanda ya kalli abin da aka nuna a taron baje kolin wasanni na E3 na 2011 zai ga fagage masu faɗi da wurin da Elizabeth ke ƙoƙarin rayar da doki, waɗanda ba su fito a haka a wasan da aka sayar ba.

Akwai inda cutar ta fi haka tsanani. The Order: 1886 da ya fito a PlayStation 4 a 2015 ya zana Landan ta zamanin Sarauniya Victoria da kyan da har yau ake misali da shi, amma gajere ne, babban kasonsa kallo ne da danna maɓallin da aka nuna maka, kuma 'yan kaɗan ne suka koma masa karo na biyu.

Wasu kan ce taura biyu ba ta taunuwa, dole a zaɓi labari ko wasa. Ban yarda ba, don an tauna. Shi Hocking ɗin ya jagoranci Far Cry 2 a 2008, a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba. Jaruminka yana fama da zazzaɓin cizon sauro, ciwon kan taso masa a tsakiyar faɗa ido ya dushe sai ya haɗiyi ƙwaya. Bindigar da ka tsinta a hannun gawa mai tsatsa ce, tana iya cijewa lokacin da ka fi bukatarta. Wutar da ka cinna a busasshiyar ciyawa iska na iya juyo da ita kanka. Ba wanda ya tsaya ya yi maka jawabi cewa yaƙi rikici ne da ba shi da gwani, hannunka ne ya gano. A Half-Life 2 na 2004, garin Ravenholm yana ba ka tsoro ta hanyar rage maka harsashi, ya bar maka faifan zarto da tulun gas da za ka cilla da na'urar jan abubuwa, sai tsoron da dabarar suka fito daga tushe ɗaya. Spec Ops: The Line na 2012 harbinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma da kanka kake saita farin sinadarin fosfaras a kan wani sansani a Dubai, sannan a sa ka taka a ƙasa ka ratsa gawarwakin fararen hula 47 da ka ƙone, kuma daga nan muryar jaruminka a fagen fama tana ƙara zama ta mahaukaci. Doom na 2016 ya bi ta wata hanyar: in kana son lafiya sai ka matsa jikin dodo ka gama da shi da hannu, in kana son harsashi sai ka tsarga shi da zarto. Dokar ta hana ka ɓuya, kuma wannan shi ne halin jarumin da labarin ke siffantawa, mutumin da tun a farkon wasa ya ture allon da ake yi masa bayani a kai.

Matasanmu da ke buga PUBG Mobile da Free Fire a waya sun san wannan ciniki ba tare da an karanta musu ba. Wanda wayarsa ba ta da ƙarfi yakan shiga saiti ya rage kyan hoto har ƙasa don motsi ya yi santsi, kuma daɗin wasan bai ragu ba, don daɗin yana cikin inda za ka diro, da yaushe za ka harba ka tona maɓoyarka, da yadda da'ira ke matse mutum 100 ko 50 wuri guda. Haka masu Counter-Strike ke ta karawa a taswirar Dust II tun 2001. Gwada wannan da Infinite: rage hasken, cire kiɗan, cire muryar Elizabeth, ka ga abin da ya saura. Abin da ya saura wasan harbi ne matsakaici mai 'yan fagage masu kyau. In ka mayar da su kuma, ka sami ɗaya daga cikin garuruwan da suka fi kowanne tsayawa a rai a tarihin wasannin bidiyo, kuma saboda garin kaɗai ina ba kowa shawarar ya buga shi, a mataki mai wuya in zai iya.

Su kansu waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun taɓa wurin da ke ciwo a ƙarin da suka fitar daga baya mai suna Burial at Sea. A kashi na farko, cikin Nuwamban 2013, an dawo da damar riƙe makamai da yawa, aka kuma rage harsashi har kowane ɗaya ya zama abin lissafi. A kashi na biyu, cikin Maris 2014, Elizabeth kake bugawa. Ba ta da ƙarfin Booker, fito-na-fito da mutum uku na iya zama ajalinta, don haka sai sanɗa, da bin ramukan iska, da lura da fasasshen gilashin da zai yi ƙara in ta taka, da kibiyar sa barci. Har an sa wani mataki da ake gama shi ba tare da kashe kowa ba. A nan tsoron da ke fuskarta shi ne tsoron da ke yatsunka. Kashin ya fito ne wata guda bayan Levine ya sanar, a Fabrairun 2014, cewa zai rufe Irrational Games a yadda aka san shi ya ci gaba da mutum kusan 15.